Yadda Ake Tattaro Hankalin Ƙananan Yara da Wasa Kafin a Fara Darasin Turanci

Duk wanda ya taɓa koyar da yara 'yan shekara huɗu zuwa takwas ya san wannan yanayi. An kaɗa ƙararrawa, yara sun shigo aji, amma gangar jikinsu ce kawai ta shigo. Wannan yana ta haki saboda guje-gujen da ya sha a waje, waccan tana kuka an ɗauke mata fensir, wasu biyu suna ƙarasa musun da suka faro tun a bakin ƙofa, ga wani can a lungu yana gyangyaɗi. A cikin wannan hali ne malam ko malama za su buɗe baki su yi musu magana da harshen da ba shi suke ji a gida ba. Wanda ya ɗauki alli ya nufi allo kai tsaye, maganarsa iska za ta bi.

Abin da ke magance wannan shi ne ɗan gajeren wasan share fage, na minti uku zuwa biyar. Sai dai malamai da yawa suna ɗaukarsa a matsayin abin faranta wa yara rai kawai, shi ya sa yake juye musu ya zama hayaniya. Aikin wasan nan guda ɗaya ne: ya tattaro hankalin yara daga inda ya warwatsu, ya miƙa shi ga darasi. Wasan da ya ba su dariya amma ya bar su sun fi dā rikicewa bai yi aikinsa ba, komai daɗinsa. Da wannan ma'auni za ka auna duk abin da zai biyo baya.

Mataki na farko: koyar da alamar tsayawa kafin kowane wasa

Ba a hawa doki sai an sa masa linzami. Kafin ka koya wa yara wasa ko guda, ka koya musu alamar da ke nufin kowa ya tsaya, ya yi shiru, ya kalle ka. Na fi ba wannan mataki muhimmanci a kan duk sauran, domin yawancin malaman da na ji suna cewa wasa ba ya yi a ajinsu, idan aka bincika sai a tarar ba wasan ne matsalar ba, hanyar tsayar da shi ce babu.

Zaɓi alama ɗaya tak. Kana iya tafa hannu da wani salo, misali biyu a hankali uku da sauri, yara su maimaita salon sannan su harɗe hannuwa. Kana iya ɗaga hannu sama kana ƙirgawa da yatsu daga biyar zuwa ɗaya da Turanci, duk wanda ya gani shi ma ya ɗaga nasa. Ƙaramar ƙararrawa ma tana yi. Ni na fi son tafi, saboda yana tilasta wa yaro ya ajiye abin da ke hannunsa, kuma sai ya saurara kafin ya iya maimaita salon daidai.

Ga yadda za ka koyar da ita. Ka nuna alamar, ka nuna abin da kake so su yi bayanta. Sannan ka ce su yi surutu da gangan, su juya su yi hira da na kusa da su. Bayan 'yan daƙiƙu ka yi alamar. Ka jira har sai kowa ya yi tsit, kowa da kowa, har da yaron nan na baya da ke jinkiri. Kada ka fara magana ana cikin hayaniya ko sau ɗaya, domin ranar da ka yi haka ka koya musu cewa alamar ba dole ba ce. Ka maimaita sau uku ko huɗu a ranar farko, kana ƙirga daƙiƙun da suka ɗauka, ka rubuta a gefen allo, gobe su yi ƙoƙarin rage su. Yara suna son su ga sun karya nasu tarihin.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada ka riƙa sauya alamar. Wanda yau ya yi tafi, gobe ya buga tebur, jibi ya daka tsawa, ba shi da alama ko ɗaya.

Mataki na biyu: karanta ajin kafin ka zaɓi wasa

Susan Halliwell, wadda ta yi rubutu kan koyar da Turanci a firamare a 1992, ta raba ayyukan aji gida biyu: masu tayar da yara da masu kwantar da su. Wannan rabo ya fi duk wani dogon jerin wasanni amfani. Tsalle, waƙa, gasa da gudu suna tayarwa. Saurare, kallo da kyau, magana da raɗa da ƙoƙarin tuna abu suna kwantarwa.

Saboda haka ka tsaya a bakin ƙofa lokacin da suke shigowa, ka duba. Idan da sassafe ne ko a ƙarshen yini, ka ga ido ya yi nauyi, kawuna suna kan tebur, wasan tayarwa suke buƙata. Idan daga hutun tara suka dawo ko daga filin motsa jiki, suna ture-ture suna ihu, to ƙara musu tsalle kamar zuba wa wuta fetur ne.

Amma a nan akwai wata dabara. Yaran da suka shigo a birkice ba sa faɗawa cikin natsuwa lokaci guda don an ce su yi shiru. Gara ka tare su a inda suke: ka ba su minti ɗaya na motsi mai ƙarfi wanda kai ne kake juya akalarsa, sannan ka riƙa sassautawa, manyan motsi su koma ƙanana, murya ta sauka, har su zauna. Kamar sauko da yaro ne daga kan bishiya, reshe bayan reshe.

Don haka kullum ka shigo da wasa biyu a ranka, na tayarwa da na kwantarwa, ka yanke shawara bayan ka ga fuskokinsu.

Mataki na uku: shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin yara su iso, katunan hoto su kasance a jere, jaka da kayan cikinta a kan tebur, wurin motsi a share. Minti ɗaya da za ka juya baya kana lalube a durowa ya isa ya wargaza ajin.

Kalmomin wasan su zama waɗanda yara suka riga suka sani, na jiya ko na makon jiya. Guda biyar ko shida sun isa ga 'yan ajin reno, takwas ga waɗanda suka ɗan tasa. Sabuwar kalma wurinta cikin darasi. Wannan ma riba biyu ce, domin tun a 1885 Hermann Ebbinghaus, wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a farkon lokaci, kuma waiwayarsa daga baya tana rage zubewar. Wasan share fage shi ne wurin wannan waiwaye ba tare da yaro ya ji ana yi masa jarrabawa ba.

Mataki na huɗu: nuna, kada ka yi dogon bayani

Gani ya kori ji. Idan bayanin wasa ya wuce jimla biyu, ka rasa rabin ajin. Ka kira yaro ɗaya ko biyu gaba, ku yi wasan tare sauran suna kallo, sannan a yi zagaye ɗaya na gwaji wanda ba a ƙirga kuskure a cikinsa.

Tushen wannan salo yana cikin aikin James Asher, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar San José da ke Kalifoniya a Amurka, wanda tun a shekarun 1960 ya tsara hanyar koyar da harshe ta amsawa da jiki, wadda ake taƙaita sunanta da TPR. Asher ya lura da yadda jariri yake koyon harshen uwa: ana ce masa zo, zauna, miƙo, yana aikatawa watanni kafin ya iya furta kalma. Fahimta tana riga magana. Haka za ka yi a aji: ka ce "stand up" kana miƙewa, su miƙe, ka ce "sit down" kana zama, su zauna. Bayan zagaye kaɗan sai ka faɗi umarnin ba tare da ka motsa ba, ka ga wa ya ji da kunnensa, wa kuma yake kwaikwayon jikinka kawai. Wannan ɗan jinkirin da za ka yi kafin ka motsa shi ne yake mayar da kwaikwayo saurare.

Idan wasa sabo ne fil kuma nuni bai wadatar ba, jimla ɗaya da harshen gida ba laifi ba ce. Ta fi minti biyar na Turancin da ba wanda ya gane. Amma ka yi ta sau ɗaya, ranar farko kawai.

Wasannin tayarwa

*Simon says.* Wannan shi ne uban tafiya, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Dokarsa: idan ka fara da "Simon says" kafin umarni, misali "Simon says touch your nose", yara su aikata. Idan ka faɗi umarnin tsurarsa, kada kowa ya motsa. Ka fara da umarni biyar ko shida a jere duk da "Simon says", a hankali, har jikinsu ya saba. Sannan ka jefa na tarko. Daga nan ka ƙara sauri.

Amfaninsa ya wuce koyon sunayen gaɓoɓi. Masu binciken ƙwaƙwalwar yara, irin su Adele Diamond ta Jami'ar British Columbia a Kanada, suna magana kan ƙwarewa uku da yaro yake buƙata don ya iya koyo: riƙe bayani a ka yana aiki da shi, kame kai daga abin da jiki ya zabura zai yi, da iya sauyawa daga wata doka zuwa wata. Wannan wasa yana taɓa biyun farko kai tsaye. Yaron da hannunsa ya tashi zai taɓa hanci sai ya tuna ba a ce Simon ba ya mayar da shi, a wannan daƙiƙar yana horar da abin da zai hana shi tsoma baki a tsakiyar labari anjima.

Gyara biyu nake ba da shawara. Na farko, a daina fitar da wanda ya yi kuskure. Yaran da suka fi buƙatar wasan su ne suke fara fita, sai su koma gefe ba aikin yi, su buɗe sabuwar fitina. Wanda ya kuskure ya yi tsalle uku a inda yake, ko ya juya sau ɗaya, ya ci gaba. Na biyu, ga 'yan shekara uku da huɗu dokar tana da wuya, domin mutum ɗaya ne yake ba da umarnin da za a bi da wanda za a ƙi. Ka sauƙaƙa musu da 'yan tsana biyu, ɗaya a kowane hannu, masu murya daban-daban: abin da wannan ta ce a yi, abin da waccan ta ce a ƙi.

Idan kuma sun ƙware har ya daina ba su wahala, ka juya musu shi: idan ka ce "touch your head" su taɓa yatsun ƙafa, idan ka ce "touch your toes" su taɓa kai. Megan McClelland ta Jami'ar Jihar Oregon da abokan aikinta sun yi amfani da irin wannan juyi wajen auna yadda ƙananan yara suke iya sarrafa kansu. A aji kuwa, za ka ga yadda fuskoki suke tsukewa don tunani, wanda shi ne abin da kake nema.

*Daskarewa.* Kana tafi ko kana kaɗa wani abu, yara suna yin motsin da ka faɗa: "walk", "jump", "swim", "fly". Da ka tsaya ka ce "freeze", kowa ya daskare a yadda yake. Ka bar su a haka ka ƙirga zuwa biyar a zuciyarka, kana zagayawa kana dubawa. Daɗin wasan yana cikin wannan shirun. Ka tsara motsin daga mai ƙarfi zuwa mai laushi: tsalle, tafiya, sanɗa a kan yatsu, na ƙarshe kuma "sleep", su ɗora kai a kan hannu. Da haka wasan da kansa ya sauko da su.

*Katuna a bango.* Ka manna katunan hoto huɗu zuwa shida a bangon aji daban-daban. Ka kira kalma, yara su nufi katin. A ajin da yara suka yi yawa ko benci ya cika wuri, gudu haɗari ne. Su tsaya a wurinsu su juya su nuna da yatsa, ko layi ɗaya ya tafi sauran su yi alƙalanci. Wannan wasa yana da saurin tayar da ƙura, ba na yin sa sai a ajin da alamar tsayawa ta zauna daram.

Wasannin kwantarwa

*Me ya ɓace?* Ka jera katuna ko ƙananan kaya biyar a inda kowa zai gani. Ku faɗi sunayensu tare sau biyu, kana nunawa. Ka ce "close your eyes", su rufe ido su sunkuyar da kai. Ka ɗauke ɗaya ka ɓoye. Ka ce "open your eyes. What's missing?" Masu Turanci suna kiran irinsa Kim's game, kuma 'yan sikawut sun daɗe suna horar da lura da shi.

Inda ake kuskure shi ne a bar mai saurin baki ya yi ihun amsa. Da ya faɗa, sauran sun daina tunani. Ka kafa doka: wanda ya gano ya ɗora yatsa a kan hanci, bakinsa a rufe. Ka jira har yawancin yatsu su hau, sannan ka ƙirga uku su faɗa tare, ko ka zaɓi ɗaya. Don ƙara wahala, ka sauya wa katunan wuri bayan ka ɗauke ɗaya, ko ka ɗauke biyu. Wani lokaci kada ka ɗauke komai, ka ga wa zai lura.

Akwai wani salonsa da nake matuƙar so. Ka jera katuna shida a allo, ku karanta su a jere da kari ɗaya. Ka cire na farko, amma ku ci gaba da faɗin sunansa idan ka nuna gurbinsa. Ka cire na biyu, haka har allo ya zama wayam, yara kuma suna karanta kalmomi shida daga wurin da babu komai. Murnar da za ka gani a fuskarsu a zagayen ƙarshe ba ƙarama ba ce, domin sun ga da idonsu cewa kalmomin suna cikin kansu.

*Jakar asiri.* Ka sa abu ɗaya a jakar da ba a ganin cikinta: ƙwallo, fensir, ɗan littafi, motar wasa. Yaro ya zura hannu ya lalaba ba tare da ya leƙa ba, ka tambaye shi "Is it big? Is it soft?", ya amsa da "yes" ko "no", sauran su canka. Son sanin abin da ke ɓoye yana jawo shiru da kansa. Rauninsa shi ne yaro ɗaya ne yake aiki a lokaci guda, saboda haka kada ya wuce zagaye uku. Mafi kyau ma, abu na ƙarshe da zai fito daga jakar ya zama shi ne ƙofar darasin ranar.

*Karatun leɓe.* Ka furta kalma ba tare da murya ba, leɓe kawai yana motsi, yara su gano wace ce. Babu wasan da ya fi wannan jawo idanu kan fuskar malam. Yana kuma nuna musu yadda ake sarrafa baki wajen sautukan da harshen gidansu ba shi da su: leɓɓa biyu suna haɗuwa a farkon "pan", haƙoran sama suna sauka kan leɓen ƙasa a farkon "fan", harshe yana leƙowa tsakanin haƙora a farkon "three".

*Maimaita idan gaskiya ne.* Ka ɗaga katin kyanwa ka ce "cat", su maimaita. Ka ɗaga katin kare ka ce "cat", su yi gum, su girgiza kai. Ba ya buƙatar wuri, ba ya buƙatar kowa ya tashi, yana kuma raba su da maimaitawar aku.

Mataki na biyar: kashe wasan yana kan daɗinsa, ka haɗa shi da darasi

Nan ne ake cin riba ko a yi asara. Ka tsayar da wasa lokacin da yara suke roƙon a ƙara, kada ka jira sai sun gaji sun fara neman wani abin yi. Idan suka ce a sake, ka ce gobe, kuma goben ka cika alkawari. Ka riƙa sanar da su zagayen ƙarshe da "last one", don kada tsayawar ta zo musu bagatatan su yi ta ƙorafi.

Umarnin ƙarshe na wasa ya ajiye yara daidai yadda kake son su don darasi. Idan Simon says kuke yi, ukun ƙarshe su zama: zauna, ɗora hannu a kan gwiwa, kalle ni, kowanne da murya ƙasa da ta wanda ya gabace shi, na ƙarshe kusan raɗa. Yaro yana daidaita muryarsa da ta babba. Idan ka sauke taka, sai ya natsu don ya ji.

Daga nan kada ka bar giɓi. Shirun da ka samu ba ya daɗewa, daƙiƙu kaɗan ne, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kada ka tsaya kiran suna ko raba littattafai a wannan lokaci. Jimlarka ta farko ta darasi ta biyo bayan wasan nan take.

Ga misali. A ce darasin yau a kan launuka ne, za ka koyar da "purple" da "orange", makon jiya kuma sun koyi "red", "blue", "green" da "yellow". Yara sun dawo daga hutu a birkice. Ka yi alamar tafi, ka gaishe su yadda ka saba kullum, rabin minti ke nan. Minti ɗaya da rabi na daskarewa, daga tsalle zuwa sanɗa, sanɗar kuma ta kai kowa wurin zamansa. Minti biyu na me ya ɓace da katunan launuka huɗun da suka sani. A zagayen ƙarshe, suna rufe da ido, maimakon ka ɗauke kati sai ka ƙara ɗaya mai launin shunayya. Da suka buɗe ido za su ga baƙo a cikin jeri, su yi ta kallonsa ba su san sunansa da Turanci ba, suna jira ka faɗa musu. Darasi ya riga ya fara, ba wanda ya ji lokacin da wasa ya ƙare.

Matsalolin da za ka ci karo da su

Yaron da ba ya magana. A kowane aji akwai shi, yana kallo, yana motsi tare da sauran ko ma bai yi ba, bakinsa dai a rufe. Kada ka matsa masa, kada ka tsayar da shi gaban aji. Masana koyon harshe sun daɗe da lura cewa yara da yawa suna yin wani zango na shiru a farkon koyon sabon harshe, suna tara abin da suke ji. Stephen Krashen kuma a farkon shekarun 1980 ya yi bayanin cewa tsoro da fargaba suna zama kamar shinge tsakanin mai koyo da harshen da yake ji. Yaron da aka kunyata a minti biyar na farko ya rufe ƙofa har ƙarshen darasi. Ka ba shi aikin da ba ya buƙatar magana: ya riƙe jaka, ya ɗauke kati, ya nuna da yatsa. Ranar da ya furta kalmarsa ta farko, ka karɓe ta da murmushi ka wuce, kada ka tara masa idanun aji.

Gaggawar malam. Mary Budd Rowe, mai bincike kan ilimin kimiyya a Amurka, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su sake magana, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna ƙara tsawo, masu amsawa suna ƙaruwa. Yaron da yake neman kalma a harshe na biyu ya fi kowa buƙatar wannan jira. Ka ƙirga uku a zuci kafin ka kira kowa.

Kuskuren furuci ko nahawu. Lokacin wasa ba lokacin gyara ba ne. Idan yaro ya ce "two foots", ka ce "yes, two feet" kana nuna ƙafafunka, a ci gaba. Ya ji daidai, bai ji kunya ba.

Gasa. Raba aji gida biyu ana ba da maki yana ƙara armashi ga 'yan shekara bakwai da takwas, amma ga ƙanana yakan ƙare da kuka, ka ɓata minti goma kana lallashi. Gara ajin duka ya zama ƙungiya ɗaya yana gasa da malam, ko da agogo.

Mai son ya mamaye komai. Ka ba shi jagoranci na ɗan lokaci, ya zama Simon na umarni uku, sannan ya miƙa wa wani. Ka riƙe jerin sunaye kana yi wa wanda ya jagoranta alama, domin yara suna lura da wanda ake yawan zaɓa fiye da yadda kake zato.

Wasa nawa ya kamata ka riƙe?

Ba ka buƙatar sabon wasa kullum. Ƙananan yara suna son abin da suka sani, kuma duk sabon wasa yana cin lokacin koyon dokarsa. Biyar ko shida sun ishe ka zango guda: biyu na tayarwa, uku ko huɗu na kwantarwa. Ka shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka yi shi kwana uku ko huɗu a jere har ya zauna kafin ka kawo na gaba. Abin da zai riƙa sauyawa shi ne kalmomin ciki: me ya ɓace na wannan mako da dabbobi, na mako mai zuwa da tufafi, na bayansa da lambobi.

Bayan an tashi, ka rubuta layi ɗaya a gefen tsarin darasinka: wane wasa aka yi, a wane hali yara suka shigo, kuma daƙiƙa nawa suka ɗauka kafin su natsu bayan alama. Cikin makonni kaɗan za ka ga wanne ne yake yi wa wannan aji aiki da safe, wanne ne bayan hutu, wanne kuma ya kamata ka jingine sai sun ƙara girma.